Hannun Salisu Marini

Salisu marini ne a Ƙofar Mata, abokina tun muna yara a Zaitawa. Watan jiya ya rasu, Allah ya ji ƙansa. Har yau haushinsa nake ji, na kuma rasa inda zan sauke shi.

Bayan la'asar, in ya tashi daga marina, mukan zauna a dakalin ƙofar gidansu mu buga wani wasan yaƙi na waya, mu da wasu da ba mu taɓa ganin fuskarsu ba. A wasan nan komai cinyewa yake. Takobi ya dakushe, sulke ya tsage, in ba ka kai wa maƙeri ba ya karye maka ana tsakiyar gumurzu. In aka sari mutuminka ba ka ɗaure raunin ba, sai ya fara ɗingishi, jininsa na raguwa, har ya faɗi.

Salisu ne mai maganin rundunarmu. Ba ya barin kowa ya fita da rauni.

"Kai Ɗalha, wane irin wawa ne kai?" haka yake daka wa tela maƙwabcinsa tsawa. "Garkuwarka ta kusa tarwatsewa, ƙafarka na zubar da jini, kana ta rawar kai. Dawo nan!"

"Likitan bogi, ƙyale ni in mutu da mutuncina."

"Ba dai a hannuna ba."

To, wannan mutumin ne bakin wata tsohuwar garwa ya yanka a tafin hannu. Ya yagi ƙyalle ya ɗaure, ya zura safar roba, ya koma rini, wai shaddar biki na jiransa. Mutumin da ba ya yarda zanen cikin waya ya yi taku uku da ciwo! Yana da ciwon suga. Ya sani, ni ma na sani.

Hannun marini dama baƙi ne, baban rini ya riga ya kama shi. Shi ya sa da yatsunsa suka fara duhu babu wanda ya kula. Ni na lura wayar na suɓuce masa, har ya koma dannawa da hagu. Na ce, "Malam, nuna min hannun nan."

Ya ce, "Baba ne, sarkin tsoro. Je ka gyara takobinka."

Wallahi dariya na yi. Na je na gyara takobin.

Sai da wari ya hana matarsa Hafsat cin abinci, ta kira ni muka saka shi a adaidaita sai asibiti. Likita ya ce da mun zo sati biyu baya, yatsa ɗaya za a cire. Aka yanke hannun daga gwiwa, amma ciwon ya riga ya shiga jini. Kwana huɗu ya ƙara.

Ranar sadakar uku Hafsat ta aiko a kira ni soro. Daga bayan labule ta ce, "Yaya, kai da kullum kuna tare, ba ka ga komai ba?"

Na buɗe baki zan ce na zaci baba ne. Maganar ta ƙi fita.

Na ce, "Na gani."