Rago a Zaure, Mu a Ruwa

Shekarar da ciwon baya ya raba ni da tuƙa keke-napep tsakanin Samaru da Sabon Gari, sai na ce kiwo zan yi. Boko dai a bakin ƙofa muka gaisa da shi, amma rago na san shi. Na sayo wani fari mai baƙin kunne, na yi wa uwargida alkawarin in Babbar Sallah ta zo zan sayar, mu sauya kwanon ɗakinmu mai yoyo.

Wahala kam na sha. Ni ne yankan ciyawa a bayan makaranta, ni ne neman dusa gida-gida, ni ne wanka da sabulu. Rago ya yi ɓul-ɓul. Abin da ban lura ba, ashe ƙauna ta shiga.

Ranar da na kai shi kasuwa, mai saye na farko ya damƙi gadon bayansa yana matsawa, yadda kowa ke yi don jin kitse. Na buge masa hannu. Na biyu ya buɗe masa baki zai duba haƙora, na tambaye shi ko a gidansa akwai inuwa.

"Baba, yankawa fa zan yi, ba aurensa na zo nema ba," in ji shi.

Na jawo abina muka dawo gida. Sallah ta wuce, damina ta kankama. Rago na zaure a bushe, mu muna ɗaki muna jera kwanoni da bokitai. Uwargida ta ce, "Malam, tunda shi ka zaɓa, tashi ka koma wurinsa. Ka tafi da tabarmarka."

Akwai wani Inyamuri mai sayar da kwanon rufi a Sabon Gari, tsohon fasinjana. Na je ina yi masa kuka, na tambaye shi ko yana son kwanon nan nasa.

"Ina son shi sosai," ya ce, "musamman in na gan shi a kan amalanke yana fita."

Da Kirsimeti ya ƙarato muka yi musaya, ya ɗauki rago, na ɗauki kwano. Muka yi rufi tsaf, lokacin ko ɗigon ruwa babu a sama.

Inyamurin ya aiko mana da cinya guda. Na rantse ba zan taɓa ba. Uwargida ta soya ta ajiye a gabana. Ina ci ina share hawaye, kuma wallahi dusar nan ba ta tafi a banza ba. Na nemi ƙari.