Na Aiki Gwaggo, Na Rasa Tsibirin Ƙanƙara

A lokacin ina ɗalibar ilimin ƙasa a nan Landan, muna zaune a Marylebone. A aji bakina ba ya shiru, amma a gida ko tari ba na iya yi a gaban Baba. Ni ce 'yar farinsa, bai taɓa kiran sunana ba, ni ma ban taɓa kai masa buƙata da bakina ba. Komai sai ta hannun gwaggona, ƙanwarsa.

Ana nan sai malamarmu ta sa ni cikin masu bin jirgin bincike zuwa wani tsibiri a can ƙarshen kudancin duniya. Ba ɗan Adam ko ɗaya a kansa. Tsohon dutse ne mai aman wuta, ƙanƙara ta lulluɓe shi, gefensa a tsaye kamar katanga, da ƙyar ake samun wurin sauka. Wanda ya fara hango shi cikin hazo ya sa shi a taswira ba daidai ba, matuƙa jirage suka yi shekaru suna nema suna dawowa hannu rabbana. Ni za a ba aikin auna bakin ƙanƙararsa. Na roƙi Gwaggo ta nema mini izini. Ta dawo ta ce Baba ya hana, wai wurin da ba mutane na aljanu ne, kuma in na mutu a can wa zai yi mini sutura. Na sha kuka, na janye sunana, wata ta tafi a madadina.

Bara ina jinyar Baba a asibiti, ya ga hoton tsibirin a wayata. Yana kallon bango ya tambayi abin da ya sa na fasa tafiyar, wai Gwaggo ta ce masa tsoro ne ya kama ni, shi kuwa har ya fara yi wa abokansa alfahari. Ashe ba ta taɓa tambayarsa ba! Da na tare ta, ko a jikinta, wai raina ta ceta.

Raina ya ɓaci ƙwarai, har yau ban huce ba. Kunya tarbiyya ce, na yarda, amma duk mai babbar buƙata ta kai ta da bakinta, kada ta aiki kowa. Na sake nema, an kuma ɗauke ni. Na durƙusa gaban Baba na faɗa masa da kaina. Gwaggo kuwa a bakin mutane za ta ji na tafi.