Jan Ƙyallen Malam Zayyanu

Da an sallame sallar asuba, Malam Zayyanu zai hau tsohon kekensa daga Ƙofar Kware ya nufi mayanka. Aikinsa duba shanu kafin a sa musu wuƙa. Bijimi in lafiyarsa lau, sai ya daki gadon bayansa ya ce a wuce da shi. Saniya kuwa sai ya ɗora tafin hannu a cikinta, ya yi shiru kamar mai sauraren huɗuba. In ya ji ɗa, ya ɗaura mata jan ƙyalle a ƙaho, ranar ba mai yanka ta. Shekara talatin da ɗaya yana haka, jibi zai ajiye aiki.

Gwangwani biyu gare shi. Aka yanka bijimi ya jefa tsakuwa a wannan, aka yanka saniya ya jefa a wancan. Da dariya muke masa. Direbobin da ke kawo shanu daga Nijar ma sai ya tsare su da tambayar yadda abin yake a can. Ya taɓa ce mini, "Sa'ad da nif fara, cikin goma, bakwai bijimai na. Yanzu sun kusa kunnen doki. In kunka cinye uwaye, mi za ku yanka baɗi?"

Yayana Mode mahauci ne, zuciyarsa a kusa take. Shekara goma sha biyu da suka wuce ya yi wa wasu masu biki a Ƙofar Marke alkawarin nama, ya kawo saniyar da ita kaɗai gare shi. Malam Zayyanu ya ɗaura mata ƙyalle. Mode ya ci kwalarsa a gaban jama'a.

"Baba, gobe na biki! So kakai a ce Mode maƙaryaci na?"

"Wagga ciki gare ta, wata shidda. Sai dai ka yanka ni."

Masu biki suka koma wurin wani. Mode ya kai ƙara wurin Sarkin Fawa a raba tsoho da aikinsa, ya kuma yi shekara biyu ba ya gaishe shi. Malam Zayyanu, kai ne ka shanye wannan duka, ko gezau ba ka yi ba. Wallahi har yau mamakinka nake yi.

Saniyar ta haifi karsana. Yau shanu tara ke garken Mode, bijimai biyun da ya yanka bana jikokinta ne.

Mun gode, mai hannun jin ɗa. Allah ya saka da alheri. Mahauta, kada ku bari ƙyallen nan ya bi shi gida.

Jiya da safe na ga Mode tsaye kusa da wata saniya, ya naɗe hannun riga, kansa a ƙasa. Ya ce wa Malam Zayyanu, "Baba, aza hannuna inda kaka aza naka."