Dutsen da Na Wanke wa Hayaƙi

A shekarar da aka zo gyaran kanal ɗin da ke ba gonakinmu ruwa a Kura, tifa ta zube tsakuwa a bakin gonata. Cikinta na tsinci wani dutse kamar babban yatsa, mai gefe shida da tsini. Ana hango haske ta cikinsa, amma launinsa na shayi ne ba madara. Na karta shi a jikin kwalba, kwalbar ce ta ji jiki.

Na kai wa matata, lokacin aurenmu ɗanye ne. Sana'arta turara shinkafa, a gindin durom take yini. Ta ɗaga shi ta kalli rana ta cikinsa, ta ce launin fatarta ne sak, a yi mata zobe da shi. Tun da muka yi aure ba ta taɓa roƙona komai ba sai wannan.

To, ni Allah ya yi ni da iyayi. Na ƙura wa dutsen ido, na yanke hukunci cewa fari ne hayaƙi ya ɓata shi, kuma matata ba za ta sa datti a hannu ba. Na wanke da sabulu, na dirje da toka, na jiƙa a lemon tsami. Ko gezau. Sai na tuna yadda ake ƙona kasko ya saki maiƙo. Ranar da ta tafi gidan suna, na tura shi cikin garwashin da ke ƙarƙashin durom ɗinta.

Da la'asar na tono shi fari tas, da 'yar tsaga a gefe. Wallahi ranar ji nake daga Kura har Bunkure babu mai basira kamata.

Maƙerin azurfa a birni ya saurari bajintata har ƙarshe, sannan ya ce duhun nan ba datti ba ne. A cikin manyan duwatsu ne irinsa ke fitowa, kuma duwatsun da ke kewaye da shi ne ke rina shi a hankali tun kafin kakanninmu. Don duhun ma ake yin zobe da carbi da shi, wuta kuwa korarsa take yi. Na tambaya ko zai dawo in na rataye shi a madafa. Sai da ya ajiye guduma don dariya.

Duk da haka na sa ya ɗaura shi a azurfa, na kawo mata ina ta kame-kame. Ta ɗaga shi ta kalli rana.

"Maigida, ai na ce maka launina ne," in ji ta. "Ashe datti ka gani."

Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi. Zoben yana hannunta har yau, kuma duk wanda ya tambaya wane irin dutse ne, wurina take turo shi.