Tarun da Gulbi Ya Ƙi Ci

Zamanin da Birnin Kebbi take cikin jihar Sakkwato nike karatun kimiyya can. Ranar da malaminmu ya yi muna nailan a gaban idonmu, wallahi ihu na yi kamar an ci ƙwallo.

Ruwa iri biyu ya zuba a kofin gilashi, ɗaya ya hau kan ɗaya kamar mai bisa miya. Inda sunka haɗu sai ga wata 'yar yana. Ya ce in kamo ta da hantsaki in ja. Na ja, zare ya biyo ni. Ina naɗewa a fensir, shina ta fitowa, jama'a, daga ruwa tsura! Malam ya ce ƙananan ƙwayoyi ne iri biyu ke kama hannun juna, wanga ya riƙe wancan, kowane haɗi kuma sai wani ɗan abu ya fice, ruwa ko asid, har sarƙa ta yi tsawo. Na ce, "Malam, to wa ke kwance ta?" Ya ce ƙananan halittun da ke ruɓar da auduga ba su san kanta ba.

Da hutu na tafi gida Argungu da labari cike da baki, na iske Baba ba walwala. Gurbin da muke su tun kakanmu ya lalace. Kifi sai dai a gan shi ruɓaɓɓe, wuri na wari. Yayan Baba ya ce mutanen ruwa ne sunka yi fushi, a bar wurin kawai. Baba kuwa nan ya koyi iyo, nan ya koya min.

Al'adarmu, in taru ya tsufa sai a ɗaura mishi dutse a sake shi ƙasa, a ce gulbi ya ci abinsa. Na zaren auduga damina guda ta ishe shi. Na tambayi Baba ina tsohon tarun nan fari na nailan da ya saya a kasuwa.

"Na ba gulbi tun bara waccan."

"Baba, yana nan daram."

"Kai ɗan boko, gulbin da ke cin jirgi sukutum, zare zai gagare shi?"

"Wanga ba zaren kaɗi ba ne. Ni da hannuna na ja irinsa."

Yayansa ya ce, "To masaƙin ruwa, shiga ka ɗauko muna."

Tare munka nutsa da Baba. Ƙasa can hannuna ya taɓa shi, a miƙe tsakanin saiwoyi. Da ƙyar munka jawo shi kan jirgi. Subhanallahi! Ƙashin kifi fal, ga kunkuru, ga wata tarwaɗa da sauran rai. Tarun ya yi ta su shi kaɗai, ba mai shi, ba hutu. Baba ya ɗauraye gefe guda, ya sa ƙarfi ya ja. Ko ƙulli ɗaya bai saki ba. Ya daɗe shina kallonsa, bakinsa na motsi da tasbihi.

Yayansa ya ce a ƙone tsiya. Na ce sai dai ya narke, hayaƙin kuma ya shiga ƙirjinmu. Binnewa? Haka za a tone shi wata rana.

Baba ya saki tarwaɗar, ya zauna bakin gaɓa ya fara murɗa tarun ya zama igiya, ya ce aiki zai ci gaba da yi, amma a tudu, ɗaure da jirgi. Ya aike ni gida-gida in tambayi wa ya ba gulbi farin taru, kuma a ina. Munka ciro wasu.

Kafin hutu ya ƙare Baba ya koma gurbin da sabon tarunsa. Yayansa ya biyo mu, wai kallo kawai ya zo yi, amma da goransa na su a kafaɗa.