Damin Geron da Ya Kwantar da Baba

Bayan rasuwar mijina na koma gidanmu a Matameye, na tarar da Baba gwiwoyi sun kumbura, ido ya yi hazo. A zamaninsa shi ne mai jan ayarin jakuna, kanwa da gishiri zuwa Kano, tufafi a dawowa. Yanzu daga ɗaki zuwa zaure sai ya huta a hanya, amma kada ka kuskura ka ce masa ya huta. Cewa yake yi ya tsaya duba katanga ne.

Kowace safiya ni ce ɗora ruwan zafi, ni ce gasa masa gwiwa da tsumma, in shafa man shanu, in dama kunu. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka "uwata" yake kirana, sai dai ban taɓa ganin ɗan da ke yi wa uwarsa gardama kamarsa ba. Kunu ya yi kauri, ya ce tuwo na kawo masa. Ya yi ruwa, ya ce na ɗauke shi jariri.

A kakar wata shekara, Nasara ba su daɗe da zama a Damagaram ba, aka shiga gida gida ana ɗibar maza 'yan dako. Wani dogari ya zo tare da soja mai jar hula, suka tsaya a zaurenmu. Suka nuna ƙanena, saurayi mai ƙarfi, suka ce ya fito. Sojan ya dubi Baba a kan buzunsa, dogarin ya ce, "Rabu da wannan tsohon, ko tulu ba zai iya ɗagawa ba."

Ni ina bayan zana ina kukan ƙanena, ina kuma gode wa Allah da aka bar mini tsohon. Ashe shi abin da ya tsaya masa a rai daban ne. Da na kai masa tuwo ya ture akushin.

"Kin ji abin da yaron nan ya ce? Ni? Tulu?"

"Baba, an tafi da ɗanka, kai kana zancen tulu?"

"Ɗana zai dawo. Maganar nan kuwa ta riga ta shiga kunnen unguwa."

Ya yi kwanaki yana cin abinci kamar ana ba shi magani. Wata safiya na tafi rijiya, na dawo ba shi a zaure, ba shi a masallaci. Ina cikin zagaye unguwa da zane a hannu sai ga maƙwabcinmu ya jawo takarkari daga hanyar Dungu, Baba a kwance a kai. Wai gonar mutumin ya lallaɓa, inda ake ɗaurin gero, ya ce a ɗora masa dami. Masu ɗaurin suka ƙi. Da suka juya baya ya sunkuya ya cicciɓa da kansa. Damin ya tashi har kafaɗa, daga nan shi da damin suka zube tare, ƙafa ta karye a ƙasan gwiwa.

Maɗori ya zo ya ja ƙafar, ya jera kara ya ɗaure tam, ya ce kada ta motsa. Kafin la'asar Baba ya kwance ɗaurin, wai ƙaiƙayi. Aka sake kiran maɗorin. Da abin ya maimaitu, mutumin ya ce da ni, "Ki ɗaure masa hannuwa, ko ki nemi wani."

Daga nan aikina ya ninku. Juya shi, wanke shimfiɗa, kai kaskon bayan gida da kwashewa, ga daka, ga rijiya, ba namiji a gidan. Sannan ga 'yan dubiya. Kowa da saiwarsa, kowa da turarensa, kuma duk sai Baba ya ce a jiƙa a ba shi, har cikinsa ya ɓaci na kwana biyu, wankin kuma nawa. Su zauna su cinye furar da na dama masa, shi kuma yana ba su labari. Damin da ya kayar da shi kullum ƙara girma yake. Da fari na mutum ɗaya ne, daga baya ya zama wanda ƙarti biyu suka kasa.

Ranar da na ji yana gaya wa wani tsohon abokin fataucinsa cewa da yunwa nake barinsa, shi ya sa ƙarfinsa ya ragu, na ajiye muciya na fita. Gidan gwaggona na nufa, ƙanwarsa, na zazzage mata komai ina huci. Ta yi dariya har da hawaye.

"Haka yake tun muna yara. Zauna ki sha ruwa."

"Gwaggo, ki zo ki karɓe ni ko na yini ɗaya."

"Ni? Wa zai iya da shi in ba ke ba?"

Wannan ce duk gudummawar da na samu. Na koma na tarar ya ja jiki har bakin ƙofa yana leƙe. Da ya gan ni ya kawar da kai, ya ce tuwon yana ƙauri.

Sanyi ya shigo sosai kafin ƙanena ya dawo, ya rame, tafin ƙafarsa duk ya tsage. Baba ya rungume shi ya yi hamdala, sannan ya tambayi nauyin kayan da aka ɗora musu. Da aka kwatanta masa, ya ce, "Shi ke nan? Wannan ai a hannu ɗaya muke riƙewa."

Ƙafar ta ɗoru a karkace, bai ƙara taka ta sosai ba. Ƙanena ne ke goya shi zuwa zaure da safe, ya maido shi da yamma, kuma ko sau ɗaya Baba bai yi shiru a goyon nan ba. "Daidaita kafaɗa. Ba haka ake ɗaukar kaya ba. Wa ya koya maka?" Ƙanena ya dube ni, ni kuma in ɗaga masa hannu, don na riga na gaji da magana. Haka muka yi ta yi da shi har damunar da Allah ya karɓi abinsa.