Sha'aban da Kwat ɗin Laoban Chen

Shekara tara Sha'aban Giɗaɗo ya yi yana sarin kaya a Istanbul kafin ya koma Guangzhou a 1998, amma bakinsa bai baro Istanbul ba. Kullum zancensa masallatan daular Usmaniyya, da gadar da ta haɗa nahiyoyi biyu, da masaƙun zamani. Komai aka nuna masa, na Turkiyya ya fi.

Wata rana mai shago, Laoban Chen, ya miƙo masa kwat mai tambarin Turkiyya. Sha'aban ya shafa, ya sunsuna, ya ce, "Ka ga aikin masu tarihi."

Chen ya ce jiya aka ɗinka ta a saman benensa.

Sha'aban ya sari dozin ɗari, yana cewa, "Lallai telanku ya zauna a Istanbul."